RA'AYINMU: A horar da masu jinyar hankali, tun daga Yamai har Tebaram

Tun daga ranar da ƙasarmu ta samu mulkin kai cikin shekara ta 1960, hukumomi da talakawa suna ta fama wajen gina ɗakunan shan magani, da haƙa rijiyoyi, da yi wa yara allurar rigakafi. An yaƙi agana har ta ɓace daga doron ƙasa, an yaƙi kurkunu har ya zama labari. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Amma akwai ciwo guda wanda har yanzu masu yi masa hidima ba su taka kara sun karya ba, watau ciwon hankali da damuwar zuci. Shi ba ya fitar da ƙurji, ma'aunin zafin jiki ba ya nuna shi, amma yana hana manomi noma, yana hana uwa kula da ɗanta, yana raba ɗalibi da karatu.

Idan muna son sanin inda muke a kan wannan al'amari, kada mu duba Yamai kaɗai. Mu dubi Tebaram, can yammacin birnin Tawa, a bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo. Abin da ya isa ga mutumin Tebaram shi ne ya isa ga ɗan ƙasa. Abin da ya tsaya a babban birni kuwa, rabin aiki ne.

Kowa ya san irin nauyin da ke bisa kan mutanen Adar. Da an gama girbi, samari da magidanta sai su kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Wani ya yi wata shida, wani shekara uku, wani kuma a daina jin ɗuriyarsa. Mace ta zauna da ƴaƴa da tsofaffi, ita ce ruwa, ita ce itace, ita ce biyan bashi, ba ta san ko mijinta na da rai ba. Wanda ya dawo hannu wofi bayan ya sha ɗauri ko duka a hanya, kunya ta hana shi zama cikin tsaransa. Ga kuma tunanin fari: na 1973 da 1974, na 1984, da ƙarancin cimaka na 2005, duk sun bar tabo a zukatan waɗanda suka rasa dabbobinsu da ƴaƴansu. A bisa wannan sai ga rashin kwanciyar hankali. Cikin watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara. Ranar 21 ga Maris na 2021 aka kai hari a Intazayan da Bakorat da Wistan cikin gundumar Tiliya, inda gwamnati ta ba da sanarwar mutuwar mutum 137. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suka tsira, da waɗanda suka bar garuruwansu, da maƙwabtansu da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, dukkansu suna ɗauke da wani abu da ba a gani.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta fitar da lissafi cikin shekara ta 2019 cewa a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wani nau'i na ciwon hankali, daga baƙin ciki mai tsanani, zuwa fargaba, zuwa firgitar da ke biyo bayan masifa. Ƙididdigarta ta 2020 kuma ta nuna cewa a duniya akwai kimanin ma'aikatan lafiyar hankali 13 ga kowane mutum 100,000, alhali a Afirka ba su kai biyu ba. Waɗannan ƴan kaɗan ɗin ma a manyan birane suke. Tsakanin Tawa da Yamai akwai tafiyar da ta zarce kilomita 500. Iyalin da ke son kai ɗansu sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E, ko su tsallaka iyaka zuwa asibitin Kware kusa da Sakkwato, sai sun sayar da bisa, sun bar gona, sun nemi masauki. Saboda haka ba a tafiya sai abu ya ƙazanta, sai mutum ya kai ga a ɗaure shi da mari. Mai baƙin ciki da ke zaune shiru a ƙuryar ɗaki kuwa, babu mai kai shi ko'ina.

Ya kamata mu bambanta ma'aikata iri uku, domin jama'a da yawa suna haɗa su. Akwai likitan taɓin hankali, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Akwai ma'aikacin jinya da ya samu horo na musamman, shi ke bin marasa lafiya yau da gobe. Na uku shi ne masanin halin ɗan Adam mai jinya, wanda Faransawa ke kira sikolog. Shi ba ya rubuta ƙwaya, ba ya yin allura. Kayan aikinsa su ne saurare, da tambaya, da gwaje-gwajen da aka tsara don gane irin ciwon, da hanyoyin magana waɗanda aka jarraba aka ga amfaninsu. Wannan sana'a tana da tarihi. Lightner Witmer ya buɗe ɗakin jinya na farko irin wannan a jami'ar Pensilbaniya ta Amurka cikin 1896. A Faransa, Daniel Lagache ya kafa karatun lisansi na wannan fanni a Sorbon cikin 1947. Cikin 1949 malaman Amurka suka taru a garin Bulda suka tsai da shawara cewa mai wannan aiki dole ya haɗa abu biyu: ya iya bincike irin na jami'a, ya kuma iya zama gaban mara lafiya. Wannan ƙa'ida har yau tana da ƙarfi, kuma ita muke so a bi a ƙasarmu.

To, ƙasa mai ƙarancin ma'aikata kamar tamu, yaya za ta yi? Idan sikolog ɗaya yana ganin mutum ɗaya cikin awa guda, da wuya ya zarce mutum shida a wuni. Idan kuwa ya zaunar da mutum takwas tare, zama uku kawai sun ba shi mutum 24. Wannan shi ake kira jinyar zaman taro. Wani likita mai suna Joseph Pratt ne ya fara ta a birnin Boston cikin 1905, da masu tarin fuka waɗanda ba su da halin kwanciya asibiti. Yana tara su don ya koya musu kula da kansu, sai ya lura cewa haɗuwar da kanta tana ƙarfafa musu zuciya. Jacob Moreno ya raɗa wa hanyar suna a farkon shekarun 1930. Lokacin yaƙin duniya na biyu, Bion da Foulkes suka yi aiki da ita a asibitin Northfield na Ingila, don sojojin da yaƙi ya gigita sun fi ƙarfin likitocin da ke akwai. Kullum larura ce ke haifar da wannan dabara, kuma larurar nan muna da ita.

Kada a zaci arha ce kaɗai amfaninta. Irvin Yalom, malami a jami'ar Stanford, ya wallafa littafi cikin 1970 inda ya jera dalilan da ke sa taro ya warkar. Na farko da mai damuwa ke samu shi ne ya gane ba shi kaɗai ba ne. Matar da ta yi shekara tana zaton ita ce Allah ya ware da rashin barci da kukan dare, sai ta ji maƙwabciyarta na faɗin abu guda. Sa'an nan wanda ya ga ɗan uwansa ya samu sauƙi yakan sa rai shi ma. Wanda ya ɗauki kansa ba shi da sauran amfani, ranar da shawararsa ta taimaki wani, sai mutuncinsa ya dawo masa. Waɗannan abubuwa likita shi kaɗai ba ya iya ba da su, sai ƴan taro a tsakaninsu.

An kuma gwada hanyar a ƙauyukan Afirka. A ƙasar Uganda, Paul Bolton da abokan aikinsa sun yi bincike a ƙauyuka 30 na yankunan Masaka da Rakai, aka buga sakamakon cikin 2003. An ware taron maza daban, na mata daban, ana zama sau ɗaya a mako, minti 90, har mako 16. Masu jagorar zaman mutanen yankin ne da aka ba horo na ɗan lokaci. Da aka gama, kashi 6.5 cikin 100 na waɗanda suka shiga taro ne suka rage da ciwon baƙin ciki mai tsanani, alhali a ƙauyukan da ba a yi zaman ba adadin ya kusa kashi 55. A gabashin Kwango, Judith Bass da ƴan uwanta suka yi irin wannan da matan da aka ci zarafinsu lokacin yaƙi, aka buga cikin 2013: wata shida bayan jinya, kashi 9 cikin 100 na ƴan taro ne ke da sauran alamun ciwon, sauran matan kuwa kashi 42. Bisa irin waɗannan hujjoji OMS ta fitar da jagora cikin 2016 mai zama takwas, don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gudanar da shi, muddin akwai ƙwararre da ke sa musu ido.

Magabatanmu na Afirka sun riga sun nuna hanya. Thomas Adeoye Lambo, likitan taɓin hankali ɗan Najeriya, ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta cikin 1954: mara lafiya ya sauka gidan mutanen ƙauye tare da wani danginsa, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin jama'a. Lambo bai raina masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki da su, kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban OMS. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa ƴan Senegal, tun daga 1959, suka mai da zaman dandali na Wolof, wanda suke kira penc, ya zama taron jinya inda marasa lafiya da danginsu da ma'aikata ke zama wuri guda kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Cikin 1965 suka kafa mujallar Psychopathologie africaine. Abin lura shi ne, duka wuraren biyu sun zama makarantu. Sun horar da ɗalibai, ɗaliban suka zama malamai, shi ya sa aikin bai mutu da mutuwar masu shi ba.

Mu ma zaman taro ba baƙo ba ne gare mu. Muna da gayya, muna da adashi, muna da zaman makoki inda gari ke ɗauke wa mai rashi nauyin kaɗaici. Ƙungiyoyin sauraren rediyo sun fara tun 1962, samariya ta yi aikinta a zamaninta, tun shekarun 1960 aka horar da masu ba da agajin farko da ungozomomi a ƙauyukan Maraɗi, kuma a jahar Maraɗin ne Mata Masu Dubara suka fara cikin 1991 kafin tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Har bori, wanda Nicole Échard ta yi shekaru tana nazari a Adar ta wallafa littafi a kansa cikin 1989, ya nuna cewa mutanen da can sun fahimci mai ciwon rai yana bukatar jama'a a kewaye da shi. Ƙasa a shirye take, iri ne babu.

Sai dai a yi hattara. Hira a fada daban, jinya daban. Taron da ba shi da jagora mai horo yana iya zama wurin tonon asiri, ko wurin da mai bakin magana ke danne mai kunya, ko a tayar wa mutum da tsohon miki a bar shi da shi. Jagora dole ya san wanda ya dace da taro da wanda bai dace ba. Mai farfaɗiya magani yake bukata. Wanda hankalinsa ya gushe yana jin muryoyi, likita yake bukata tukuna. Wanda ke tunanin halaka kansa, ba a jira da shi sai zaman mako mai zuwa. Saurayin da tramol ya kama yana bukatar a duba jikinsa tare da zuciyarsa. Wa zai koya wa jagoran ƙauye wannan rarrabewa? Wa zai zauna da shi duk wata ya ji yadda zaman ya gudana, ya gyara masa kuskure? Sikolog ne. Shi kuma sikolog wa zai horar da shi? Malamin jami'a. Nan ne gindin maganar.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Bahaushe ba ya faɗin sirrinsa cikin mutane. Gaskiya ne kunya da riƙon sirri ɗabi'unmu ne masu daraja, don haka ne ma sharaɗin farko na taron shi ne abin da aka faɗa ya tsaya nan, a raba maza da mata, kada a haɗa suruki da surukinsa ko kishiya da kishiya, kuma ba a tilasta wa kowa magana. Wasu za su ce haƙuri da addu'a sun isa. Mu ba mu ga saɓani ba: wanda ya karye yana addu'a, yana kuma zuwa wurin maɗori. Malaman addini su ne mutane ke fara zuwa gare su, saboda haka abokan aiki ne da ya wajaba a jawo kusa. Wasu kuma za su ce a fara da abinci da ruwa da tsaro. Babu musu. Amma uwar da baƙin ciki ya kayar ba ta iya shayar da ɗanta yadda ya kamata ko da an cika mata rumbu, kuma manomin da firgita ta hana barci ba ya iya riƙe hauya.

Yanzu mu dubi hanyar da yaro zai bi ya zama malamin wannan fanni. Bayan bakaloreya, shekara uku na lisansi, shekara biyu na mastar tare da koyon aiki a asibiti ƙarƙashin idon gwani, sa'an nan aƙalla shekara uku na doktora. Shekara takwas ke nan idan babu tuntuɓe. Daga nan sai hawan matakan koyarwa, daga mataimakin malami har zuwa cikakken farfesa, bisa tantancewar majalisar CAMES, wadda a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta cikin 1968. Kowane mataki yana neman bincike da rubuce-rubucen da masana suka duba. Hanya ce mai tsawo, kuma a gefenta akwai ƙungiyoyin agaji na waje masu ɗaukar mai lisansi ko mastar da albashin da ya fi na jami'a. Ba mu zargin saurayin da ya karɓa, yana da iyaye da ƙanne. Ba mu kuma raina aikin ƙungiyoyin, sun share hawaye da yawa. Amma furoje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, jami'a kuwa tana nan. Idan duk masu hazaƙa suka tsaya a tsakiyar hanya, nan da shekara ashirin za mu ci gaba da jiran baƙo ya zo ya horar da mu kwana goma ya koma.

Harsashi yana nan. Jami'ar Yamai, wadda ta fara cikin 1971 aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni cikin 1992, tana da sashen ilimin halin ɗan Adam da tsangayar likitanci. Ma'aikatar kiwon lafiya tana da shirin ƙasa na lafiyar hankali. Birnin Tawa yana da jami'a tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin tarihin Adar, tana kuma da tsangayar ilimin tarbiyya. Akwai babban asibitin jaha, akwai makarantar horar da malamai ta Kawsan. Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan da juna. Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, a ware guraben tallafin karatu na doktora a fannin jinyar hankali kowace shekara, da alkawari a rubuce cewa wanda ya amfana zai koyar, zai kuma yi aiki a cikin jahohi na wasu shekaru.

Na biyu, a ƙulla yarjejeniya tsakanin jami'o'i da asibitoci, domin kada a ba kowa takardar shaidar jinya sai ya cika awoyin aiki da marasa lafiya, ya kuma jagoranci taro gaban malaminsa. Wanda bai taɓa zama cikin taro a matsayin ɗalibi ba, kada a damƙa masa taro.

Na uku, a kiyaye sunan sana'ar da doka, kamar yadda Faransa ta yi cikin 1985, don kada kowa ya rataya allo a ƙofa ya ce shi mai jinyar hankali ne.

Na huɗu, a buɗe guraben aikin gwamnati ga masu wannan ilimi a asibitocin jahohi da na gundumomi, a kuma lissafa aikin sa ido a ƙauyuka cikin aikin malamin jami'a, a ba shi abin hawa da man tafiya.

Na biyar, a yi aikin da harsunanmu. Dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa. Mutum ba ya kuka da tafinta. Kalmomi irin su ɓacin rai, da ƙunci, da zullumi, da fargaba, da faɗuwar gaba, da tsinkewar zuciya, kowace da ma'anarta, kuma yadda Ba'adare ke faɗinsu ba lalle ya zama yadda Badamagare ke faɗi ba. A ƙasar Tebaram akwai masu Tamajak da masu Fulatanci. Tattara waɗannan kalmomi, da gwada ma'aunan ciwo da su, da rubuta jagorar taro cikin harsunan gida, bincike ne na gaske wanda zai iya kai ɗalibi ga doktora, kuma babu wanda zai yi mana shi daga waje.

Ga ƴan makaranta na Tawa da Tebaram da Takanamat da Bambai, muna cewa: likitanci da shari'a da aikin injiniya duk hanyoyi ne masu kyau, amma ga wata hanya da ƙasa ke nema, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kira musamman ga ƴan mata, domin matan da aka bari a gida ba za su buɗe cikinsu ga namiji ba. Ga iyaye, ku yi haƙuri da tsawon karatun, kada ku ce ɗanku zai ƙare cikin mahaukata. Mai ciwon hankali ɗan wani ne, uban wani ne, kuma babu gidan da ya karɓi takardar tsira daga wannan jarrabawa. Ga hukumomi, malami ɗaya da aka horar yau zai yaye ɗalibai shekara talatin, kowane ɗalibi ya sa ido a kan jagorori goma, kowane jagora ya zaunar da taronsa a inuwar ɗakin shan magani na ƙauyensu.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara, tun daga 1992, duniya ke tunawa da lafiyar hankali. Muna fatan jawaban da za a yi a wannan rana su zo da adadin ɗaliban da aka ɗauka da guraben da aka buɗe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.